Gaɓoɓin da Aka Liƙe

Ranar Laraba da hantsi, a gaban makaɗa hamsin da huɗu, na gano cewa abin da na kwashe shekara uku ina koya babu shi.

Sunana Nadine Zupan. Mahaifina direban babbar mota ne a ramin haƙar ƙarfe na Hibbing, kuma kaf danginmu ni ce ta farko da ta ɗora goge a kafaɗa. Ban faɗi haka don a tausaya mini ba. Na faɗa ne don a san ba gado na yi ba. Shekara shida na yi a makarantar kiɗa a Cleveland, na dawo gida Minnesota na shiga gasar da ƙungiyar makaɗan Duluth ke shiryawa, na ci. Ladan wanda ya ci shi ne ya zaɓi konceto guda, wato dogon kiɗan nan da mai goge ɗaya ke tsayawa gaba ƙungiya tana amsa masa, ya kaɗa shi a babban zaure.

Kowa ya ɗauka zan zaɓi ɗaya daga cikin tsofaffin da ko masu sharar zauren sun haddace. Na ce na Brandvold nake so. Ottilie Brandvold ta rubuta shi a 1988, aka kaɗa shi sau biyu, ƙura ta rufe. Ni a wani shagon tsofaffin littattafai na tsinci littafinsa, mai shuɗin bango, bugun farko kuma na ƙarshe. A saman kowane sauti mai wuya an buga ƙaramar lamba da ke nuna yatsan da za a danna, kuma a bango an rubuta wanda ya tsara lambobin: C. Wolny, mutumin da ya fara kaɗa shi.

A kashi na uku na kiɗan, shafi na goma sha tara, akwai gaɓa sittin da ɗaya, wato ƙananan yankunan da ake ƙirga kiɗa da su, daga ta 212 zuwa ta 272. Saboda su na zaɓi kiɗan. A nan ƙungiya duk takan yi shiru, sai manyan goge da ke riƙe da sauti ɗaya can ƙasa, mai goge kuwa ya yi ta hawa kan tsirkiya biyu lokaci guda, hannun hagu a buɗe kamar za a tsaga shi. Na bi lambobin Wolny sau da ƙafa, domin an koya mana cewa wanda ya zauna da mai kiɗa ya fi ka sanin nufinta. A shekara ta biyu ƙaramin yatsana ya fara lanƙwashewa da kansa. Ina kallonsa, ina ce masa miƙe, ya ƙi. Likita ta ce in ajiye goge wata huɗu, in ba haka ba in ajiye shi har abada. Na ajiye. Na kama aikin wanke tire a gidan burodi, ban gaya wa kowa a makaranta dalili ba. Da na dawo, na ɗauki jan biro na soke lambobin Wolny ɗaya bayan ɗaya, na nemo nawa, gaɓa ɗaya a rana, wata gaɓar ma mako guda.

To, ranar Larabar nan ita ce gwajin farko, wasa kuma ranar Asabar. Kashi na ɗaya da na biyu sun tafi lafiya. Muka shiga na uku. Na kai gaɓa ta 211, na ja numfashi, na ɗora baka kan tsirkiya, na fara hawa. Sai na ji ƙaho da ganguna da duk abin da ke bayana sun ruso mini a ka. Kiɗan ƙarshe suke yi, wanda ba ya zuwa sai bayan minti uku.

Madugun ƙungiyar, Mista Halloran, ya sauke sandarsa. Zauren ya yi tsit.

"Mis Zupan, ina kika nufa?"

"Gaɓa ta 212, Madugu."

Ya duba babban littafin da ke gabansa, ya juya shafi, ya dawo da shi. "Ba ni da 212. Daga 211 sai 273."

Na yi zaton wasa yake. Na taka zuwa wurin mai goge na farko, na leƙa takardarsa. Rabin shafin an liƙe shi da farar takarda da ta tsufa ta koma ruwan ƙasa. Na leƙa ta bayansa, haka. Na ratsa tsakanin kujeru da gogena a hannu, ina leƙawa kamar wadda ta ɓatar da ɗa a kasuwa. Ko'ina liƙi.

Aka kira Arlene Tuomi, mai kula da takardun ƙungiyar, dattijuwa mai fensir biyu soke a gashi. Ta karɓi littafina ta duba bayan bango, ta ce, "Wayyo, 'yar nan." Bayanin nata gajere ne. Littafin mai goge shi ake bugawa a sayar, kuma nawa an buga shi tun kafin wasan farko, don a samu na sayarwa a ƙofar zaure ranar. Takardun ƙungiya kuwa ba a sayar da su. Saiti ɗaya ne tak a duniya, yana ajiye a kamfanin ɗab'i, a aro shi cikin akwati, a mayar yadda ya zo. Duk gyaran da aka yi bayan an buga littafi, a cikin akwatin nan yake.

"A ɓare mana," na ce. "Rubutun yana ƙasa."

"Ba a ɓarewa. Ko fensir sai mai laushi, kuma in shafe shi kafin in mayar. Shekara talatin ina wannan aiki, biro bai taɓa kusantar takardar aro a hannuna ba, balle wuƙa."

Daga can baya Lyle, mai babban goge, ya ce, "Ke da aka sauke wa kaya, ai godiya za ki yi. Ni da za a liƙe mini rabin aikina, da na saya wa mai gam ɗin giya."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Mista Halloran ya ce, "Abin da ke cikin akwati shi ne maganar ƙarshe ta mai kiɗa. Ki tsallake, mu ci gaba."

"Ba zan tsallake ba."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Yaron da ya zo na biyu a gasar yana Minneapolis, nasa kiɗan yana kansa, awa biyu da rabi ya iso. Ba barazana nake miki ba, lissafi nake faɗa miki. Gwajin ƙarshe Juma'a ƙarfe goma. Ki kawo mini takarda da sa hannun Brandvold, ko ki tsallake, ko in kira shi."

Ban ma san tana raye ba. Arlene ce ta biyo ni bayan dandamali ta rubuta mini adireshi a bayan ambulan. "Grand Marais. Shekararta tamanin da shida, kuma ba ta ɗaga waya. Kada ki ce ni na ba ki."

Alhamis da sassafe na ɗauki a-kori-kurar mahaifina na bi gefen tafki zuwa arewa. Awa biyu ina tuƙi ina cin Wolny da baki. Na riga na yanke hukunci: ya kasa kaɗawa, maimakon ya amsa kasawarsa sai ya sa aka yanke wa mata kiɗanta.

Gidan ƙarami ne, na katako. Wani tsoho ya buɗe mini, dogo, hannunsa na hagu cikin aljihun rigar sanyi. Ya dubi akwatin gogen da ke kafaɗata ya daɗe, sannan ya ce matar gidan ta fita miƙe ƙafa, in shigo. Da hannu ɗaya ya zuba mini kofi, ya turo mini faranti da ƙyafaffen kifi.

"Me ya kawo mai goge nan, 'yan mata? Mu nan sai masu sayar da itace."

Da na yi shiru da ya fi. Amma na kwana da abin a ciki, sai na zazzage masa duka: gasar, shafin, liƙin.

"Duk aikin wani Wolny ne," na ce. "Matsoraci. Ya tarar da dutse ya fi ƙarfinsa, sai ya ce a rufe dutsen da takarda. Da yana raye da na faɗa masa a gaban idonsa."

"Da kin kyauta," in ji tsohon. "Ci kifin."

Ƙofa ta buɗe, wata 'yar ƙaramar tsohuwa ta shigo da sanda da hular ulu. Ta dube ni, ta dubi akwatin, ta ce, "Casimir, wa ka shigo mini da ita?"

Kofin ya tsaya mini a tsakanin tebur da baki. Hoton Wolny ɗaya na taɓa gani, saurayi mai baƙin gashi, kuma ba inda na karanta cewa shi da Brandvold mata da miji ne. Tsohon ya zaro hannunsa daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Yatsu biyu na ƙarshe sun naɗe cikin tafin hannu, sun ƙafe a haka. Na san wannan naɗin. Na ga farkonsa a hannuna.

Ban ba da haƙuri ba. Na dai ajiye kofin a kan tebur.

Shi ya maimaita wa matarsa labarin, bai rage ko kalmar "matsoraci" ba. Misis Brandvold ta zauna ba ta cire hular ba.

"Ba shi ya sa aka yanke ba," ta ce. "Ko roƙo bai yi ba. Saura kwana biyu wasa na ga yana ɓoye hannunsa a ƙarƙashin tebur. Na karɓo akwatin, na sayo gam da almakashi, na zauna a ɗakin otal na liƙe takarda arba'in da ɗaya da hannuna. Na ce wa madugun wancan lokacin wurin ya yi tsawo. Ya ji daɗi ma. Casimir ya kaɗa sauran sau biyu, daga nan bai sake ɗaga goge ba." Ta ture ambulan ɗin adireshin da na ajiye a kan tebur. "Don shi na rufe. Muddin yana numfashi, a rufe zai zauna. Ki sha kofinki ki koma."

Mista Wolny ya miƙo hannun dama. "Mu ga littafin naki."

Ya buɗe shafi na goma sha tara. Jan biro ko'ina, lambobinsa duk a soke. Ya bi su da ido a hankali, leɓensa na motsi.

"Wa ya ce ki soke?"

"Hannuna."

"Mu gani."

Na miƙa. Ya kama ƙaramin yatsana ya lanƙwasa, ya sake, ya ga ya miƙe da kansa.

"Wata nawa?"

"Huɗu."

"Ni shekara talatin da biyar." Ya nuna gaɓa ta 230 da haɓa. "Wannan buɗewar ce. Kullum sau ɗari nake yin ta. Daga baya na gane ita ta ci ni."

Na dube shi, ban yarda kunnena ya ji daidai ba. "Ka sani?"

"Na sani."

"Kuma ka bar ta a littafin?"

"Wa zai saya? Kiɗan da aka kaɗa sau biyu."

"Guda nawa aka buga?"

Ya dubi matarsa. Ita ta amsa, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ɗari biyar."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba.

"Misis Brandvold, takardun da ba mai gani sai an aro su, su kika liƙe. Littafin da duk mai kuɗin burodi zai saya, kika bar shi a buɗe da lambobin da suka kashe hannun mijinki. Ni na saya. Wata huɗu ina wanke tire, ina ɓoye hannu a ƙarƙashin tebur kamar yadda ya yi, kuma ba wanda ya sayo mini gam. Saura ɗari huɗu da casa'in da tara suna can. Ban zo roƙo ba. Na biya kuɗin wurin nan da yatsana, kuma zan kaɗa shi. In ba a Duluth ba, a nan."

Na buɗe akwati. Ba wanda ya hana ni. Ina gyara tsirkiya sai na ji wani sauti can ƙasa, mai kauri, yana ɗan karkarwa. Mista Wolny ne, baki a rufe, yana riƙe mini sautin manyan goge da maƙogwaro. Na ɗora baka na hau.

Minti uku ne da 'yan daƙiƙu. Rufin kicin ɗin gajere ne, sau biyu kan bakana ya kusa taɓa fitila. Duk sanda numfashin tsohon ya ƙare sai ya ja wani ya ci gaba. Da na kai 272 na sauke hannu, babu abin da ke motsi sai agogon bango.

Misis Brandvold ta cire hular ta riƙe a cinya. Fuskarta ta yi fari fat. Sai a lokacin na fahimci abin da ban yi tunaninsa ba a hanya: ita kanta ba ta taɓa jin an kaɗa wurin har ƙarshe ba. A kanta kawai yake, shekara talatin da biyar.

Da ta yi magana, cewa ta yi, "A 240 kin yi sauri."

"Haka aka rubuta."

"Ni na rubuta, yarinya. Kin yi sauri."

Mista Wolny ya goge ido da bayan hannu. "Ottilie, ɓare takardun nan."

"Casimir."

"Ni kika rufa wa asiri, na gode, ya isa. Yarinyar nan ta kira ni matsoraci da kifina a bakinta. Ba na son ta zama mai gaskiya sau biyu."

Ta daɗe tana kallon hannunsa. Sannan ta jawo takarda, ta ɗauki fensir. Na ce mata da biro ake so. Ta harare ni, ta canza.

"Takarda biyu," na ce. "Ɗaya ta Madugu. Ɗaya ta kamfanin ɗab'i, a sa gyara a duk littafin da ya rage, a cire lambobin nan."

"A sa na wa?"

"Nawa," na ce.

Mista Wolny ya yi dariyar da ta zame masa tari. Shi ya zauna ya kwafe lambobina da hannun dama, gaɓa sittin da ɗaya, yana yi yana gardama. A wuri biyu ya ce na yi kuskure. A ɗaya yana da gaskiya.

Da la'asar ina ɗakin Arlene. Ta karanta wasiƙar sau biyu, ta aika wa kamfanin hotonta, ta jira suka amsa, sannan ta fito da wata siririyar wuƙar buɗe ambulan. Ashe ma ba a bukatar wuƙar sosai. Gam ɗin ya bushe tuntuni, takardun suna ɗagowa kamar ɓawon albasa. Rubutun da ke ƙasa baƙi wuluk, sabo, fiye da na sauran shafin da haske ya ci.

Juma'a ƙarfe goma Mista Halloran ya karanta takardar a tsaye, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce, "Daga 205." Iyakar abin da ya ce ke nan. Lyle ya buɗe shafinsa ya ƙura ido.

"Sauti ɗaya? Duk tashin hankalin nan, ni sauti ɗaya ne rabona? Minti uku?"

"Ka riƙe shi da kyau," na ce. "Wani tsoho ya riƙe shi da maƙogwaro jiya, bai yi ƙorafi ba."

Ranar Asabar mahaifina ya zo da kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da shi. Misis Brandvold ta zauna a layi na shida. Mista Wolny ya kawo ta har ƙofa amma ya ƙi shiga, ya tsaya a baranda, mai karɓar tikiti ta bar masa ƙofa a ɗan buɗe. A 240 na rage sauri. A 258 yatsana ya zame, sauti ɗaya ya fita a karkace. Na ji, ta ji, wataƙila na baranda ma ya ji. Ban tsaya ba, kuma ba zan ce na yi nadama ba. Na kai 272 da ƙafata, ƙaho da ganguna suka shigo a inda aka rubuta musu su shigo.

Litinin na koma taya Arlene shafe fensir. Muka gama, ta jera takardun cikin akwati. Guntayen liƙin nan arba'in da ɗaya suna tare a gefen tebur, na ce ko in zuba su a shara.

"A'a. Abin da ya zo cikin akwati, cikin akwati yake komawa."

Ta tattara su cikin ambulan. Ta kai hannu gashinta za ta zaro fensir, sai ta fasa. Ta ce in ara mata jan birona. A bayan ambulan ɗin ta rubuta da manyan baƙaƙe: KADA A SAKE LIƘAWA. Ta ɗora shi a sama, ta rufe akwatin.